Ƙaramin Rabi

Talata, 18 ga Satumba, 1979

Littafin nan na jikata Luba ne. Ta cika ganye uku ta ce ya tsufa, na ɗauke. Rubutuna na ajin yaƙi da jahilci ne, kamar kaji sun yi tono, amma ba mai karantawa sai ni.

Yau Akawu ya zo. Ɗana na fari, bakina ba ya kama sunansa, alƙalamina ma ba zai kama ba. Tun da ya sami aikin ofis ya tare a Ƙofar Nassarawa nake ce masa Akawu. Ya zauna a bakin tabarma, na tura masa gurasa mai zafi bai taɓa ba, a nan na san da magana.

Takarda ce daga Malam Jibrin, malamin 'yan aji huɗu. Luba ta ci uku cikin ashirin a lissafi. Wannan bai dame shi ba kamar ɗayan. Wai Malam ya zana lemo a allo ya ce a nuna rabi, 'yar nema ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, wane rabin? Babban ko ƙaramin?" Aji ya fashe da dariya har na kusa suka leƙo.

Ya ce, "Iya, wa ya koya mata rabi yana da babba da ƙarami?"

Na juya ina duba wutar tanderu, alhali na kashe ta tun hantsi.

To ni ce mana. Tun da aka kawo min ita yaye, shekara bakwai ke nan, gurasar farko da ta fito daga tanderu tamu ce ni da ita. In yage ta biyu in ce, babban rabi na mai tanderu, ƙaramin rabi na mai barci. Ta yi ta tsalle tana cewa na cuce ta. Wasa ne. Ina na san wasa zai bi ta makaranta?

Ya yanke magana: in ba ta ci rabin maki a lissafi ba a jarrabawar ƙarshen zango, zai ɗauke ta ta koma wajensu. Akwai wani malami a maƙwabtansu mai yi wa yara darasi da yamma.

Na ce, "Wane rabin?"

Bai yi dariya ba. Halin ubansa sak.

Laraba, 19 ga Satumba

Ba inda za ta.

Asabar, 22 ga Satumba

Na buɗe littafin lissafinta. Lamba ta hau kan lamba, an shimfiɗa musu kara a tsakani kamar masu gaba. Mu a namu ajin tarawa da ɗebewa muka tsaya, sai Malama ta haihu, aji ya watse.

Na aika aka kira min Malam Jibrin, ya zo soro bayan la'asar. Yaro ne siriri, alli har a girarsa. Ya ce yara saba'in da shida ne a ajinsa, ba ya iya bin kowa. Na ce ban kira ka shari'a ba, karatu na kira ka.

Ya ce ta ƙasa tana faɗin gida nawa aka raba abu, ta sama tana faɗin nawa aka ɗauka. Sharaɗi ɗaya: kowane yanki ya zo daidai da ɗan'uwansa. In wani ya fi wani, ba rabo aka yi ba.

Na ce, "Ashe shekara bakwai fashi nake yi wa yarinyar nan."

Ya rufe baki da littafi. Na sallame shi da gurasa bandashe, ƙuli har ya yi yawa.

Litinin, 24 ga Satumba

Na ware gurasa huɗu daga na sayarwa, na ce waɗannan 'yan makaranta ne. Tani maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta ce wai ni Hajo na buɗe jami'a a Jakara.

Yanka daidai ba wasa ba ne. Hannuna ya saba da son kai, wuƙar ma kamar ta san gefena. Luba ce ta kawo dabara: a ninke gurasa baki ya haɗu da baki, a danna, a buɗe, a bi layin da wuƙa. Muka ɗora yanki kan yanki, ba wanda ya leƙo.

Ta ce, "To yanzu wanne ne naki, tsohuwa?"

Na ce duk wanda ya fi nauyi. Ta ce babu. Na ce to karatun nan ba shi da albarka.

Mun yi rabi, mun yi ɗaya bisa huɗu. Ta rubuta kowanne a ƙasa da tsinke kafin ta ci. Dokar jami'a ke nan: ba rubutu, ba loma.

Alhamis, 27 ga Satumba

Allah mai iko. Ashe ba mu kaɗai ke fama ba.

Tun zaɓen shugaban ƙasa rediyon Salihu tela ba ya faɗin komai sai sha biyu da biyu bisa uku. Jiya kotu ta gama magana, yau duk lungu ita ake yi. Wai jihohi sha tara ne, ana neman biyu bisa ukunsu, manyan lauyoyi masu hular gashi sun kasa yarda da juna ko sha uku ne ko sha biyu da wani abu. Tani ta ce ita bana ta fara zaɓen shugaban ƙasa, tun asuba ta bi layi, ba ta yarda a yanka mata ƙuri'a gida uku ba.

Na zubo ƙwallayen dabino sha tara a faifai na ce, ƙawata, raba min su uku. Shida, shida, shida, ɗaya ya tsaya a tsakiya kamar baƙon da ba a san gidan saukarsa ba.

Na ce, "Kin ga wannan? In ji masu rediyo, Kano ce."

Ta ce ƙwallon dabino ba ya yankuwa. Muka cire shi muka sa gurasa a madadinsa. Raba abu uku ya fi raba shi biyu wuya, sai da muka zagaye bakinta da zare, muka ninke zaren uku, muka sa alama. Ta ja tsibi biyu gabanta, sha biyu ke nan, ta ƙara yanka biyu cikin ukun. Ta kalla, ta kalla, sai ta ce, "Iya! Sha biyu da biyu bisa uku!"

Ta cinye biyu bisa ukun Kano ko ruwa ba ta nema ba. Ni aka bar wa Fagge da Sabon Gari.

Wa ya yi gaskiya a kotu, wannan ba na tanderuna ba ne. Amma yau yarinyar nan ta ga abin da idonta.

Litinin, 1 ga Oktoba

Soja sun miƙa mulki. Ba makaranta. Mun yi ɗaya bisa shida.

Laraba, 10 ga Oktoba

Gardama tun dawowarta. Wai ɗaya bisa takwas ya fi ɗaya bisa huɗu, don takwas ta fi huɗu, ko jariri ya sani.

Ban musa ba. Na ce yau abincin ranarki zaɓi ne: ɗaya bisa huɗun gurasa ko ɗaya bisa takwas. Ta daki ƙirji ta ce takwas. Na ninke, na ninke, na sake ninkewa, na miƙa mata ɗan siririn abu kamar harshen ƙadangare. Na ɗauki ɗaya bisa huɗu na zauna gabanta ina ci a hankali, ina lumshe ido.

Ta yi ƙwalla. Na bar ta sai da ta faɗa da bakinta: in masu ci sun yi yawa, loma ƙanƙancewa take. Sannan na ba ta sauran.

Wannan ba a littafi na koye shi ba. Ranar da aka raba gadon Malam maigidana, Allah ya ji ƙansa, aka ce nawa tumuni ne, ɗaya cikin takwas, don akwai 'ya'ya. Tani da ba ta haihu ba rubu'i ta samu a na mijinta, ɗaya cikin huɗu. Har yau in mun yi faɗa sai ta ce, mai tumuni. Ni kuma in ce ragowar bakwai ɗin ai suna zuwa gaishe ni da Sallah.

Ban kyauta ba da nake faɗa mata haka. Na rubuta ne don in tuna.

Alhamis, 18 ga Oktoba

Na yi ɓarna.

Shekaranjiya ta zo da sabon abu, lamba da ɗigo a tsakiya, 2.5. Ta ce ba ta gane bayanin Malam ba, hayaniya ta yi yawa. Na duba na ce wannan ai mai sauƙi ne. Ɗigo sifiri ne. Haka yake a lambobin shafin Alƙur'ani, duk wanda ya yi makarantar allo ya sani. Na ce masu littafin ne suka ga dama suka sa sifirin Musulmi. Biyu, sifiri, biyar: ɗari biyu da biyar. Muka yi aikin gida goma a kan haka, ina ta yaba wa kaina.

Goma ɗin duk ta faɗi. An sake yi mata dariya, wai ta ce 2.5 ya fi talatin.

Ta dawo ba ta ko kalli tanderu ba. Na jawo ta da wasa, na ce zo mu ji labarin ɗigon da ya yi ridda. Ta ce, "Iya, ki bari. Abin da ba ki sani ba ki ce ba ki sani ba."

'Yar shekara tara.

Na shiga ɗaki na gyara shimfiɗar da ba ta ɓaci ba.

Juma'a, 19 ga Oktoba

Ban aika a kira shi ba. Ni na yafa mayafi na je har gidan su Malam Jibrin bayan an sauko daga masallaci. Mahaifiyarsa ta zaci biko na zo yi wa wani.

Asabar, 20 ga Oktoba

Ashe ɗigon nan soro ne. Ta hagunsa gurasa cikakku suke zama, ta damansa gutsattsari, kuma gutsuren dole a yanka gurasa gida goma. 2.5 gurasa biyu ne da yanka biyar cikin goma. Biyar cikin goma kuwa rabi ne, ya sake riga kawai.

Raba gurasa goma daidai sai da na ɓata uku. Na haƙura na koma kan karan dawa: na yanka guda goma tsawonsu ɗaya, na ɗaure da zare, ɗauri ɗaya gurasa ɗaya. Na aza tsakuwa a tsakiyar tabarma, ita ce ɗigo.

Kafin mu fara na ce mata, ranar Talata ƙarya na koya miki, ban sani ba na ce na sani. Ta kalle ni. Can ta ce, "To yau kin tambayo?" Na ce har gida. Ta matso.

Ta kwance ɗauri da kanta ta tsallakar da kara uku dama da tsakuwa ta ce sifiri ɗigo uku. Na ce Allah ya yi miki albarka, ke da tsakuwar.

Lahadi, 4 ga Nuwamba

Sallah ta wuce lafiya. Naman layya Luba ce ta tsaya a kan rabonsa uku, ta hana mahauci sakat, wai tsibin sadaka ya fi na gida ƙanƙanta. Ya ce wannan jikar taki alƙaliya ce? Na ce lauya ce, hular ce ba a ɗinka ba.

Ta kwana biyu a Ƙofar Nassarawa, yau Mero, uwarta, ta rako ta. Tun da ta dawo bakinta bai huta ba. Akwai tebur. Malamin maƙwabtan nan yana da akwati cike da katako yankakke, ja da kore, rabi da rubu'i duk an fera su da inji, ba ya karkacewa. Na ce ana cin katakon? Ta ce a'a. Na ce to.

Sai da za ta kwanta rana ta ce ƙaramin ƙanenta ya tambayi Mero yaushe baƙuwar nan za ta tafi gidansu.

Ta faɗa tana dariya. Mero ba ta yi dariya ba lokacin da take sallama, na lura. Ta riƙe hannun yarinyar a soro ya fi yadda ake riƙewa.

Ba ruwana. Ni lissafi na sa a gaba.

Talata, 13 ga Nuwamba

Sabon babi, wai fakta. Na tambayo tukuna. Lambobin da ke raba lamba ba saura, shi ke nan, sunan ne kawai mai tsoratarwa.

Ƙwallayen dabino suka dawo aiki. Na ce jera min sha biyu yadda nake jera gurasa a tire, kowane layi daidai da ɗan'uwansa. Ta yi layi biyu na shida. Ta yi uku na huɗu. Ta juya tiren ta ga huɗu na uku, ta yi ihu kamar ta tsinci ɗan kunne.

Na ba ta labari. Hajiya Sha Biyu mace ce mai hannu sake. Baƙi biyu suka zo, ta raba musu ba saura. Uku, haka. Huɗu, shida, har sha biyu, kowa ya tashi da nasa daidai. Da Biyar kuwa ba sa shiri, tun wata rigima a gidan biki. Maƙwabcinta kuwa Malam Bakwai, marowaci ne na bugawa a jarida. Baƙi biyu, sai ya ce saura ɗaya, ba ta rabuwa, ku tafi. Uku, saura ɗaya. Ba ya buɗe ƙofa sai in shi kaɗai ne, ko kuwa mutum bakwai cif su zo ya ba kowa ƙwaya ɗaya yana tsaki.

Ta ce su waye danginsa? Muka bi su ɗaya bayan ɗaya da ƙwallaye: biyu, uku, biyar, sha ɗaya, sha uku. Da muka kai sha tara ta ce, "Shi ya sa lauyoyi suka sha wuya!"

Ta ce ni 'yar gidan Malam Bakwai ce. Na jefe ta da ƙwallo.

Laraba, 28 ga Nuwamba

Saura kwana shida. In lamba ta ƙasa ba iri ɗaya ba ce, tarawa tana ba ta wuya. Ni ma. Rabi da ɗaya bisa uku mun yi shi da gurasa ya fito biyar bisa shida, amma a takarda sai ya gudu. A ɗakin jarrabawa kuwa ba a shiga da tanderu.

Malam Jibrin ya ce wannan sai an zauna da ita kullum, wanda ya san hanyar takardar. Bai ce ba ni ba ce. Yaron yana da ladabi.

Za mu ƙara awa ɗaya bayan la'asar.

Talata, 4 ga Disamba

Ta tafi jarrabawa. Na sa mata ƙwallon dabino ɗaya a aljihu, ba don ƙirga ba. Na ƙona gurasa shida.

Juma'a, 14 ga Disamba

Ashirin da huɗu cikin hamsin.

Daga uku cikin ashirin. Malam ya rubuta da jan biro cewa ta yi ƙoƙari ƙwarai.

Ɗaya tak ya hana ta kai rabi. Gobe Akawu zai zo. Na shirya maganata tsaf, na maimaita wa Tani ta katanga har ta ce in an ba ni hular gashi Legas zan kwana. Zan ce masa kai ka ce rabi, ba ka ce wanne ba. Na tambaye ka a kan tabarmar nan, ka yi shiru. To ga ƙaramin rabi, mun kawo.

Asabar, 15 ga Disamba

Ya zo, har da Mero.

Na faɗi maganata kamar yadda na shirya, ban yi tuntuɓe ko ɗaya ba. Na ga gefen bakinsa ya motsa. Wallahi na ga ya motsa, saura ƙiris.

Sai 'yar nema ta tashi ta ɗauko gwangwanin ƙwallaye. Ta ƙirga hamsin a faifai, ta raba biyu, ashirin da biyar nan, ashirin da biyar can. Ta zare ɗaya daga tsibi guda ta riƙe a hannu, ta nuna ragowar tsibin.

Ta ce, "Baba, wannan ne nawa. Ba rabi ba ne. Rabi ba shi da ƙarami." Ta juyo ta kalle ni. "Iya ce ta koya min."

Hawaye na zubo mata, amma ba ta mayar da ƙwallon ba.

Akawu ya jawo gurasar da na ajiye masa, ya gutsura, ya ci. Rabon da ya ci gurasata a gabana tun Satumba. Ya daɗe yana tauna abin da ba ya buƙatar tauna. Sannan ya ce, "Iya, abin da kika yi malamin kuɗi ba zai yi ba. In kin ce ta zauna, ta zauna."

Ga ƙofa a buɗe. Kalma ɗaya ce.

Na kalli Mero, kanta a ƙasa, tana murza bakin mayafi. Na tuna rabi da ɗaya bisa uku da ke gudu a takarda. Na tuna baƙuwa.

Na ce ku ɗauke ta, ta ishe ni, gurasata ta ƙare a karatu. Muryar da ta fito ba tawa ba ce, amma ta fito.

Luba ta ce to a raba mako biyu, rabi nan rabi can. Uban ya ce kwana bakwai ne. Ta ce, "Malam Bakwai." Muka yi dariya ni da ita, su biyun suna kallonmu kamar mun taɓu.

An tsaya a kan za ta riƙa zuwa wajena daga tashin makaranta ranar Juma'a zuwa yammacin Lahadi. Ta lissafa da yatsu ta ce kusan biyu ɗigo biyar. Na ce ɗari biyu da biyar dai. Ta ce, "Iya!"

Lahadi, 6 ga Janairu, 1980

Sun zo da tasi. Ta bar min gwangwanin, wai in riƙa bita.

Alhamis, 10 ga Janairu

Gidan shiru, har ina jin tsakin keken Salihu. Na huta. Ba mai cinye min jari.

Na kai wa Tani bandashe. Na ce mata rubu'i ya fi tumuni, ko a littafi haka yake. Ta dube ni ta ce ko zazzaɓi nake.

Gurasar farko ta fito da safe, na yage ta da hannu kafin in tuna. Ɗaya ya fi ɗaya, kamar kullum. Na san ba rabi ba ne, ba sai an gaya min ba.

Na ci ƙaramin. Haƙorana ne ba sa son wahala yanzu.

Babban yana ƙarƙashin faifai. Gobe Juma'a.